Gayyar Kwamfutoci: Manhajojin Taimako a Aikin Sauraron Sararin Samaniya

SETI@home sunan wani aikin bincike ne da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ta buɗe ranar 17 ga Mayu, 1999. Manufarsa ita ce a tace siginar rediyo da ke saukowa daga sararin samaniya, ko za a dace da wata alama da ke nuna cewa akwai halittu masu hankali da fasaha a wata duniya da ba wannan ba. Binciken bai shafi aljanu ba, bai kuma shafi labaran jiragen baƙin halittu da ake gani a fina-finai ba. Sauraro ne zalla, sai lissafi. Abin da ya fito da shi daban shi ne wurin da ake yin lissafin. Maimakon a sayi ƙatuwar kwamfuta guda ta miliyoyin daloli, sai aka roƙi jama'ar gari su ba da aron kwamfutocinsu na gida da na ofis a lokutan da ba sa amfani da su.

Manomi a Ikara ko Makarfi ko Kudan ya san wannan tsari tun kafin a ƙera kwamfuta. Gayya ce. Gonar rake ta fi ƙarfin mai ita, sai ya aika wa samarin unguwa goro, kowa ya zo da garmarsa, a raba kunyoyi, makaɗi yana zuga, kafin azahar an kai gefen gona. Gayyar kwamfuta ta bi wannan sawu, sai dai babu fura, babu tuwo, kuma 'yan gayyar ba su taɓa ganin juna ba. Wani yana Jamus, wani yana Japan, wani yana Afirka ta Kudu. Wani masanin kwamfuta mai suna David Gedye ne ya kawo shawarar a 1995, sannan David Anderson da Dan Werthimer suka jagoranci gina ta a Berkeley. Sun yi zaton idan sun yi sa'a za su sami mutum dubu 50. Cikin 'yan kwanaki mutum dubu 200 suka shiga, cikin shekara guda suka kai miliyan 2, daga baya adadin ya haura miliyan 5.

Neman irin wannan sigina ya girmi SETI@home da shekara arba'in. A 1959 wasu masana biyu, Giuseppe Cocconi da Philip Morrison, suka rubuta cewa idan har akwai masu son a ji su daga wani tauraro, rediyo ce hanya mafi sauƙi, kuma akwai zangon da duk mai ilimin sararin samaniya zai sani, wato megahaz 1420. A wannan zango ne iskar haidirojin, wadda ta fi kowane sinadari yawa a halitta, take fitar da siginarta. Mai sauraron Rediyon Kaduna a gajeren zango ya saba da jin mita 49. Tsawon zangon haidirojin santimita 21 ne kacal, kusan taƙi ɗaya. A 1960 Frank Drake ya juya wani faranti mai faɗin mita 26 a Green Bank ya saurari taurari biyu, Tau Ceti da Epsilon Eridani, bai ji komai ba. Ranar 15 ga Agusta, 1977 na'urar Big Ear ta jihar Ohio ta kama wata sigina mai ƙarfi ta daƙiƙa 72, wadda ba ta sake dawowa ba har yau. A 1993 Majalisar Dokokin Amurka ta soke kuɗin da hukumar NASA take kashewa a wannan fanni. Daga nan masu binciken suka koma neman abin da zai yi aiki da kuɗi kaɗan.

Kunnen SETI@home shi ne farantin Arecibo da ke tsibirin Puerto Rico, mai faɗin mita 305, wanda aka gina a cikin wani kwari aka kammala a 1963. Da yake a kafe yake a ƙasa, iyakar abin da yake gani shi ne ɗamarar sama da ke wucewa ta bisa kansa. Arecibo yana wajen digiri 18 arewa da tsakiyar duniya, Makarfi kuma wajen digiri 11. Ke nan taurarin da ke bi ta tsakar kan mutanen Hunkuyi da Ikara a daren hunturu, har da Kaza da 'Ya'yanta, suna cikin ɗamarar da farantin ya yi shekaru yana saurara. Masu aikin ba su da ikon juya na'urar kama siginar da ke saman farantin inda suke so. Goyo aka yi musu: duk inda sauran masana suka nufa da ita don nasu binciken, su kuma suna ɗaukar abin da ya shigo. Ana naɗar bayanan a kaset mai cin gigabait 35, a aika da shi Berkeley kamar kowane kaya, domin intanet ɗin tsibirin a lokacin ba zai iya ɗaukarsa ba.

A Berkeley ake raba kunyoyi. Faɗin zangon da ake naɗa megahaz biyu da rabi ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na dukan zangon FM da ke jikin akwatin rediyo. Ana yanka shi gida 256 ta faɗi, sannan a yanka ta tsawo, kowane yanki daƙiƙa 107. Kowane ƙunshi nauyinsa wajen kilobait 350 ne, bai kai hoto ɗaya da ake ɗauka da waya yau ba. Kwamfutar mai aikin sa kai ta karɓi ƙunshi ɗaya, ta katse layi, ta yi ta niƙa. A kwamfutocin 1999 ƙunshi ɗaya yakan ci daga sa'a goma zuwa kwana biyu.

Dalilin wannan jinkiri yana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Tashar Yari. Tirela ta taho daga Kano tana hon, ƙarar ta yi siriri. Da ta wuce ta nufi Zariya, ƙarar ta yi kauri. Motsi ne ke sauya sautin. Duniya tana juyawa, tana kuma zagaya rana, haka ma duniyar da siginar za ta fito, don haka siginar ba za ta tsaya a zango ɗaya ba, za ta riƙa zamewa. Ba wanda ya san gwargwadon zamewar. Dole manhajar ta gwada dubban matakai, a kowane mataki ta sake tace ƙunshin daga farko. Tana neman tsini mai ƙarfi a siririn zango, da bugu uku masu tazara daidai, da bugu mai maimaita kansa, da kuma siginar da ke tasowa a hankali ta kai ƙololuwa ta sauka cikin kusan daƙiƙa 12, kamar yadda fitilar babur ke haska mutum ta wuce. Wannan ta ƙarshe ita ce alamar cewa abin daga sama yake, farantin ne ya gitta ta kansa.

Manhajar da Berkeley ta raba tana zuwa ne a matsayin hoton da ke rufe fuskar kwamfuta idan an bar ta ba a taɓa ba: zane mai launuka yana hawa yana sauka. Tana da kyan gani, amma aikinta a taƙaice yake. Ƙunshi ɗaya take riƙewa. Ba ta ajiye tarihin abin da ta gama. Ba ta san akwai wata kwamfuta a ɗaki na gaba ba. Daga waɗannan giɓoɓi ne manhajojin taimako suka fito, wato ƙananan manhajoji da masu aikin sa kai suka rubuta da kansu, suka raba kyauta, domin su jingina da babbar manhajar. Jami'ar ba ta ɗauke su aiki ba, ba ta biya su ba. Ɗan gayya ne ya ga ƙotar garmarsa ba ta yi masa daidai ba, ya sassaƙa wata, maƙwabta suka gani suka ce a sassaƙa musu.

Matsala ta farko da suka magance ita ce ta yankewar layi. A wancan zamani yawancin mutane ta wayar tarho suke shiga intanet, kuma a ƙasashe da yawa ana biya ne bisa minti. Idan kwamfuta ta gama ƙunshinta da ƙarfe biyu na dare, sai ta zauna hannu rabbana har mai ita ya farka ya buga layi. Haka kuma uwar garken Berkeley takan faɗi. A farkon 2001 ɓarayi sun yanke wayar da ta haɗa ɗakin binciken da sauran duniya, aikin ya tsaya na kwanaki, miliyoyin kwamfutoci suka zauna babu abin yi. SETI Driver ta zo da maganin da kowace uwar gida ta sani, wato rumbu. Idan an sami layi sai ta kwaso ƙunshi goma ko ashirin ta jera, kowanne a nasa ɗaki, tana miƙa wa babbar manhajar ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka gama ta tara su gefe, ran da layi ya dawo ta aika da su gaba ɗaya.

SetiQueue ta ɗauki wannan dabara ta faɗaɗa ta zuwa gida guda ko makaranta guda. Ana ɗora ta a kwamfuta ɗaya, sauran kwamfutocin wurin su ɗauke ta a matsayin ita ce Berkeley. A wurinta suke karɓar aiki, a wurinta suke mayarwa, ita kaɗai ke magana da waje. Matsayinta na sarkin gayya ne, wanda shi ke jin ta bakin mai gona ya raba wa yara aiki. Ɗakin kwamfuta mai na'ura talatin da layin tarho ɗaya zai iya aiki mako guda ba tare da an buga layi fiye da sau ɗaya ko biyu ba. A cikin duk manhajojin taimakon, wannan ita ce wadda aka ƙera domin yanayi irin na garuruwan da layi yake zuwa yana tafiya, ko da yake waɗanda suka rubuta ta matsalar kansu suke magancewa.

Kashi na biyu na manhajojin taimakon na masu leƙe ne. Berkeley ta fitar da wani nau'in manhajar marar hoto, wanda ya fi sauri domin ba ya ɓata ƙarfi wajen zane, amma baƙin allo kawai yake nunawa. Sai dai yana rubuta halin da yake ciki a wani ɗan fayil mai suna state.sah, da rubutun da kowa zai iya buɗewa ya karanta. SETI Spy takan leƙa wannan fayil ta faɗa wa mai kwamfuta kashi nawa aka ci, saura sa'a nawa, wace sigina ce mafi ƙarfi a ƙunshin, kuma daga wane gefen sama aka naɗo shi, har da taswirar taurari. Masu amfani da Linux suna da irin tasu, KSetiSpy da KSetiwatch. Ta fuskar kimiyya waɗannan ba su ƙara komai a lissafin ba. Amfaninsu ga mutum ne. Wanda ya ga ɗigon da ke nuna nasa yankin sama ya fi wanda ke kallon baƙin allo daɗewa a cikin aikin, kamar yadda ɗan gayya ke waiwayawa ya ga tsawon kunyar da ya baro.

Akwai kuma waɗanda aikinsu ɓoyewa ne, irin su SetiHide, masu kawar da manhajar daga idon mai amfani da kwamfuta. Wani yana son haka don kada tagar ta dame shi. Wani kuwa yana so ne don kada mai kwamfutar ya sani, kuma a nan ne abin yake komawa cin amana. A 2009 wani jami'in kwamfuta na wasu makarantun gwamnati a jihar Arizona ya bar aikinsa bayan an gano ya ɗora SETI@home a dubban kwamfutocin makarantun, hukumar kuma ta yi zargin cewa abin ya jawo mata asarar fiye da dala miliyan ɗaya. Ƙa'idar aikin tun farko a fili take: ba a ɗora manhajar sai a kwamfutar da mutum ya mallaka ko wadda mai ita ya ba da izini. Wannan ƙa'ida ta hau kan mai kula da ɗakin kwamfuta na sakandare ko cibiyar jarrabawa a Makarfi kamar yadda ta hau kan na Arizona. Ba a zuwa gayya da san wani ba da saninsa ba.

Abin da ya tura mutane har suka kai ga haka shi ne maki. Berkeley tana ƙirga ƙunshin da kowa ya gama, tana buga jerin sunaye, tana ba da takardar yabo idan an kai wani adadi. Makin ba ya sayen komai. Duk da haka mutane suka kafa ƙungiyoyi, irin su SETI.Germany da SETI.USA da L'Alliance Francophone, suna tsere kamar samarin unguwanni biyu a gona ɗaya. Tseren ya kawo wa aikin ƙarfi mai yawa, ya kuma kawo masa ha'inci. Wasu suka taɓa cikin manhajar don ta yi sauri, tana tsallake wani sashen lissafin. Wasu suka gano yadda za su kwafi ƙunshin da ya kusa ƙarewa su mayar da shi sau da yawa. Kunyar da aka rufe ciyawa da ƙasa ba a nome ba, daga nesa kamar an yi aiki take. Saboda wannan ne a shekarun farko masu aikin suka ƙi sakin asalin rubutun manhajar, suka kuma raba manhajojin taimako gida biyu a aikace: wadda ta tsaya a waje tana jera aiki ko tana leƙe, babu laifi, wadda ta sa hannu a lissafin, an hana.

Maganin da ya ɗore bai dogara da gaskiyar kowa ba. Ana tura ƙunshi ɗaya ga kwamfutoci biyu ko fiye da ba su san juna ba, sai amsoshinsu sun zo ɗaya a karɓa a ba da maki. Idan sun saɓa, a tura wa ta uku ta raba gardama. Tsarin yana kama maƙaryaci, yana kuma kama kwamfutar da zafi ya sa take kuskure ba da niyyar mai ita ba, wadda ita ce ta fi yawa.

A 2002 David Anderson ya fara gina sabon dandali mai suna BOINC. SETI@home ya fara aiki a kansa a 2004, aka rufe tsohon tsarin ranar 15 ga Disamba, 2005. Duk wanda ya san manhajojin taimako na da, idan ya buɗe BOINC zai gane fuskokinsu. Rumbun da SETI Driver ta kawo ya zama saiti na cikin gida, mutum ya ce a ajiye masa aikin kwana kaza, har zuwa goma. Nuna ci gaban aiki da SETI Spy take yi ya shiga ciki. An ƙara damar a ce manhajar ta yi aiki daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ta ci kashi kaza na ƙarfin kwamfuta, ta dakata idan an koma kan batir. Sannan kwamfuta ɗaya za ta iya yi wa bincike da yawa aiki, idan wannan ya tsaya ta koma wancan. An kuma bar ƙofa a buɗe da gangan domin manhajojin waje su yi magana da BOINC. Lambar ƙofar 31416 ce, wadda ɗalibin lissafi zai gane kamarta da lambar da ake auna da'ira da ita, 3.1416.

Ta wannan ƙofa sabon zubi ya shigo. BoincView da BoincTasks suna ba mutum ɗaya damar duba kwamfutoci da yawa daga kujera ɗaya. BOINCstats tana tattara makin kowa daga dukan ayyukan, kuma tana da sashen da ake kira BAM! wanda ke haɗa rajistar mutum wuri guda. TThrottle tana auna zafin cikin kwamfuta, idan ya haura iyakar da aka sa mata sai ta rage gudun aikin har ya sauka. A ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40 a inuwa, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar na'ura, irin wannan manhaja ta fi kowace amfani.

Sauyi mafi girma shi ne na manufa. A zamanin BOINC an saki asalin rubutun manhajar SETI@home kowa ya gani, tunda yanzu akwai hanyar tantance amsa. Abin da a da ake kira ha'inci ya sami halastacciyar hanya. Wata ƙungiyar masu aikin sa kai da ake kira Lunatics ta sake gyara lissafin domin ya dace da sabbin masarrafan kwamfuta, manhajarsu tana gama ƙunshi cikin lokacin da bai kai na asalin ba, amsar kuma iri ɗaya. Wani ɓangare na gyaran nasu ya koma cikin manhajar da Berkeley take rabawa. A ƙarshen 2008 aka fitar da nau'in da ke aiki da katin hoto, wato sashen kwamfuta da aka ƙera domin wasannin bidiyo, wanda ya iya yin dubban ƙananan lissafi a lokaci guda. Ƙunshin da ya ci kwana guda a 1999 ya koma na 'yan mintoci.

Yawan hannun ya kai ga abin da ba a zata ba: gona ta ƙare wa 'yan gayya, rumbu kuma ya cika da amfanin da ba a sussuke ba. Ranar 31 ga Maris, 2020 aka daina raba sabon aiki, bayan kusan shekara 21, domin 'yan tsirarun masanan da ke Berkeley su zauna su tace abin da aka tara. A ranar 1 ga Disamba na wannan shekarar wayoyin da ke riƙe da na'urorin Arecibo suka tsinke, ginin ya rufta. Alamun da kwamfutocin jama'a suka kama sun kai wajen biliyan 12. Kusan dukansu hayaniyar halitta ce ko ta ɗan Adam: na'urar hango jirage, tauraron ɗan Adam, tashoshin watsa labarai. Wannan ruɗi tsoho ne a fannin. A cibiyar Parkes ta Ostireliya an shafe shekaru ana mamakin wata sigina, sai a 2015 aka gano na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikata, idan an buɗe ƙofarta kafin ta tsaya. A 2025 masu SETI@home suka wallafa sakamakonsu a mujallar The Astronomical Journal. Sun tace biliyoyin nan zuwa wajen wurare 100 da suka cancanci a sake saurara, ana kuma duba su da farantin FAST na lardin Guizhou a Sin, mai faɗin mita 500. Ba a tabbatar da ko ɗaya a matsayin saƙon wasu halittu ba. Abin da aka samu shi ne iyaka: a ɗamarar saman da aka saurara, a zangon da aka saurara, da akwai mai watsa sigina da ƙarfin da ya haura wani mizani, da an ji shi.

Lokacin da aka buɗe aikin a 1999, a shekarar da Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, wayar salula ta GSM ba ta iso ba sai a 2001, kuma layin tarho a ƙananan hukumomin arewacin Kaduna abu ne na ƙirge. Zamanin SETI@home na farko ya wuce wannan yanki kusan gaba ɗaya. Dandalin da ya bari kuwa ya juyo ga matsalolin da yankin ya sani. A tsakiyar shekarun 2000 Cibiyar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Suwizalan ta buɗe malariacontrol.net a kan BOINC, ƙarƙashin shirin Africa@home da ya haɗa da cibiyar CERN da ɗalibai daga Mali da Kamaru. Kwamfutocin jama'a suka riƙa kwaikwayon yadda zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa a al'umma, domin a auna tasirin gidan sauro da magani da rigakafi kafin a kashe kuɗi. A 2019 dandalin World Community Grid, wanda kamfanin IBM ya kafa a 2004, ya fara wani aiki tare da Jami'ar Delft ta Holan na kwaikwayon ruwan sama a Afirka kudu da Sahara, yanki-yanki, domin hadarin wannan nahiya yakan zuba a gari ɗaya ya bar na kusa da shi a bushe. Mai tumatir a Ikara da mai inabi a Kudan sun san wannan hali na damina. Shi ma binciken taurari bai tsaya ba. Wani aikin sa kai mai suna Einstein@Home ya gano wani sabon tauraro mai bugun sigina a 2010 daga bayanan Arecibo, a kwamfutocin wasu mutane na Amurka da Jamus. Sauraron wasu halittu kuma ya matso nahiyar: tun 2022 shirin Breakthrough Listen yana amfani da farantan MeerKAT guda 64 da ke yankin Karoo na Afirka ta Kudu.

Shiga irin wannan aiki yana da kuɗinsa, kuma kuɗin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Maganar lokacin da kwamfuta ba ta aiki tana da ruɗi, domin na'urar zamani idan tana hutawa wuta kaɗan take sha, idan kuma aka ɗora mata lissafi sai ta sha ninki. Kwamfutar tebur mai cin wat 100, idan ta kwana ta wuni, ta sha yunit 2.4, a wata guda yunit 72. A kan janareta wannan asara ce da babu binciken da zai wanke ta. A kan hasken rana lissafin ya sauya. Makaranta ko shagon da ke da farantan sola yakan cika batirinsa kafin la'asar, wutar da ke biyo baya kuma ba ta da wurin zuwa. Saitin sa'o'i na BOINC zai iya tsare aikin a wannan tsakani kaɗai, rumbun kwanaki kuma ya rage yawan buƙatar layi. Data ma sai an duba, domin ƙunshin wasu ayyukan, musamman na yanayi, yana da nauyin da ya ninka na SETI@home sau ɗaruruwa.

Tun 2013 akwai BOINC na wayar Android. An saita shi ya yi aiki ne kawai idan wayar tana jone da caji, batirin ya haura kashi 90, kuma ya ɗauko aiki ta Wi-Fi don kada ya cinye datar mai waya. Ana iya sauya waɗannan saituna, sai dai zafi yana rage kwanan batir, wayar da ake kai wa mai caji a kasuwa kuma ba ta daɗewa a jone bayan ta cika. Manhajar da duk wata ta taimako daga shafin masu ita ake saukewa. Ko manhajar Berkeley ta asali an taɓa gano mata ɓaraka a 2003 wadda za ta iya ba ɓata-gari hanyar shiga kwamfuta, aka fitar da gyara cikin gaggawa. A yau kuma akwai manhajojin da ke sanye da rigar bincike alhali kuɗin intanet suke haƙa wa wani da wutar mai waya. Ayyukan da BOINC ya lissafa a shafinsa suna faɗin jami'a ko cibiyar da ke bayansu, da abin da ake lissafawa, da inda ake wallafa sakamakon.